Kafin ka zuba riyal ɗinka a tsofaffin finafinai

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son fara tara tsofaffin finafinai a gida, ba na tambayarsa wane fim yake nema. Na riga na san amsar: Sholay, Risala, Umar Mukhtar, finafinan Burusli, sai wani Sangaya ko Wasila da ya kalla yana yaro a tsakar gidan maƙwabta. Abin da nake tambaya shi ne, wace na'ura ce a ƙarƙashin talabijin ɗinka, kuma daga wace ƙasa ta fito? Yawancin asarar da mutanenmu ke yi a wannan harka daga nan take farawa. Mutum ya biya kuɗinsa, ya yi makonni yana jira, faifai ya iso, ya saka, na'ura ta rubuto masa cewa wannan ba na yankinta ba ne.

Ni sana'ata gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Jidda, ita ce kuma ta shigar da ni ɗakunan ajiyar gidajen mutane, inda kwalayen kaset ke jibge a ƙarƙashin tsofaffin barguna. Ba abin mamaki ba ne a same su da yawa haka. Ƙasar nan ta Saudiyya ta yi kusan shekara 35 babu gidan silima, sai a watan Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad da fim ɗin Black Panther. Duk tsawon wannan lokaci a gida ake kallo, daga shagon haya ake ɗauko kaset a mayar washegari. Mu Takari kuma muna da namu ƙarin, wato kaset ɗin Hausa da ake zuwa da su daga Kano lokacin aikin Hajji, ana ba juna aro daga Shara Mansur a Makka har Karantina a nan Jidda. Da aka yi rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, mutane suka tashi cikin gaggawa, kwalayen nan masu nauyi wasu suka tafi bola, wasu suka faɗa kasuwar gwanjo. Saboda haka kayan suna nan, sai dai sanin yadda za a zaɓa.

Mu fara da maganar yanki. Masu kamfanonin fim sun raba duniya kashi-kashi don faifan da aka sayar a wata ƙasa kada ya yi aiki a wata. A DVD lamba ake sawa. Amurka da Kanada 1. Mu nan Saudiyya 2 ne, tare da Turai da Masar da Japan. Hong Kong da maƙwabtanta 3. Najeriya 5 ce, ita da Indiya da Rasha. Juya bayan kwalin za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a cikinsa. Idan 0 ne, ko an rubuta ALL, ko'ina yana yi. A zahiri ƙananan na'urorin DVD 'yan Chana masu araha da ake sayarwa a kasuwar Balad ta Jidda ba ruwansu da wannan rabo, duk abin da ka ba su haɗiyewa suke yi. Manyan kamfanoni su ne masu taurin kai.

A Blu-ray harafi ne, kuma nan mun yi sa'a. A ta Amurka ce da Japan da Koriya. B ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, wato mu da Najeriya da Ingila duk ɗaki ɗaya. C kuwa Indiya da Chana da Rasha. Abin da za ka riƙe daga wannan gajere ne: idan za ka yi odar Blu-ray, yi daga Ingila. Kamfanoni irin su Arrow da Criterion suna fitar da fim ɗaya a Amurka da Ingila, kwali kusan iri ɗaya, amma na Amurka sau da yawa a kulle yake a kan A. Shi faifan 4K, wanda ya fito a 2016, ba a kulle shi da yanki, daga ko'ina ka saya zai yi. Sai dai ka lura, akwatin 4K yakan zo da Blu-ray na biyu mai ɗauke da hirarraki da ƙarin bayani, shi wannan na biyun yana iya zama a kulle.

Idan akwai PlayStation 5 mai ramin faifai a gidan, ko Xbox Series X, to ka riga ka mallaki na'urar 4K, ba sai ka sayi wata ba, in dai yara za su bar maka ita. Amma suna bin dokar yanki a DVD da Blu-ray, kuma PlayStation 5 ba ta karanta VCD, wanda a kansa aka fitar da ɗimbin finafinan Hausa. Don haka kada ka yar da 'yar Chanar nan taka. In kuwa sabuwar na'ura za ka saya ta musamman, zaɓin ya ragu: Oppo ta daina a 2018, Samsung ta bi baya a 2019, yanzu Panasonic da Sony ne suka rage a gaba. Akwai masu sayar da waɗanda aka buɗe wa yanki, sun ɗan fi tsada, kuma ga wanda ya san zai daɗe a harkar sun cancanci kuɗinsu.

Ga wani abu daga ɓangaren sana'ata. Tsofaffin gidajen Jidda da Makka da yawa har yanzu suna da soket iri biyu a bango ɗaya, na 110 da na 220, ba kuma kowane mai gida ne ya sa musu alama ba. Na'urar da aka yi don Amurka ko Japan, in ka soka ta a 220, ƙauri kawai za ka ji. Duba takardar da ke liƙe a bayanta. Idan an rubuta 100 zuwa 240, ka huta. In ba haka ba, taransifoma tukuna.

To ina ake samun kayan? A kasuwannin gwanjo, waɗanda a nan ake kira Haraj. A Jidda, Harajin Sawarik da ke kudancin gari. A Riyad, Harajin Bin Ƙasim. Sai manhajar Haraj a waya, inda za ka rubuta sunan abin da Larabci ka ga masu kwashe ɗakin ajiyar iyayensu. Kasuwar nan sai bayan la'asar, kuma ka tafi da tsumma da ƙaramar tocila. Mai rumfar yawanci dattijo ne da bai damu da wane fim ne a ciki ba, da kwali yake ciniki. Gaishe shi da kyau, ka ce masa "Ya ammi, duka kwalin nawa?" ka fi samun sauƙi a kan ka tsinci guda uku ka nuna masa idonka ya faɗa a kansu. In Bahaushe ɗan'uwa ne, "Baba, a duba mini dai" tana aiki fiye da doguwar jayayya.

Faifai kuwa juya shi ka kalli cikinsa. Na kamfani fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan rubutu da aka buga, har da lambar da ta fara da IFPI. Wanda cikinsa ya yi shuɗi ko ruwan hoda mai duhu a kwamfuta aka ƙona shi, rini ne a ciki, zafin garin nan kuma yana kashe rinin. Masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, bar su inda ka gan su. DVD ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, kuma fim ɗin Indiya na awa uku shi kaɗai yana buƙatar mai hawa biyun in ana son hoto ya yi kyau. Sai ka auna abin da ya rage wa kowane fim idan an cusa ashirin. Haska tocila ta bayan faifan. Idan haske na ɓullowa ta ƙananan huda, ko gefensa ya yi launin tsatsa, ya fara ruɓewa daga ciki, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ko na kamfani bai tsira ba: Warner da kanta ta amsa cewa wasu DVD ɗinta da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna da wannan ciwo. Ƙarzuwa ta sama-sama ba komai ba ce. Goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye.

Kaset ya fi son natsuwa. Leƙa ta tagar gilashin nan ka kalli naɗin zaren. Idan ka ga fari-fari a kansa, funfuna ce, kuma danshin Jidda gwanin haifar da ita ne. Shinshina ma za ka ji. Kaset mai funfuna kada ya shiga bidiyonka, domin zai shafa wa kan na'urar mai karanta zaren, ita kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A gefen dama akwai ɗan maɓalli ƙarami. Danna shi ka ɗaga murfin gaba, zaren zai bayyana. Mai lafiya sumul yake, baƙi mai sheƙi. In gefensa ya yi tattara, wata na'ura ta taɓa tauna shi, hoton zai riƙa rawa a wurin. Ka kuma tabbatar VHS ne, don a ƙasar nan Betamax na Sony ya yi zamani sosai, kaset ɗinsa ya ɗan fi ƙanƙanta, ba ya shiga na'urar VHS. Ita na'urar ma sai gwanjo, tunda kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera ta, ya rufe wannan layi a 2016. Nemi wadda aka rubuta wa Multi System a goshi. Dalili shi ne tsarin hoton bidiyo ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: kaset ɗin Kano PAL ne, na Amurka NTSC, abin da aka ɗauka daga talabijin a nan kuma sau da yawa MESECAM ne, wanda a na'urar PAL zalla baƙi da fari zai fito maka. Kada ka biya sai an jona ta a gabanka, ta karɓi kaset, ta juya shi, ta mayar da shi baya, ta kuma tofo shi ba tare da ta riƙe zaren ba.

Yanzu ga inda harkar take da daɗi. Fim ɗaya ba abu ɗaya ba ne, bugu-bugu ne, kuma wanda bai san wannan ba sai ya sayi sunan fim ya bar fim ɗin.

Ɗauki Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975. A yadda darakta ya ɗauka tun farko, Thakur, wanda Gabbar ya sare wa hannaye biyu, shi ne ke kashe Gabbar da takalminsa mai ƙusoshi. Lokacin Indiya na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, hukumar tace finafinai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa, aka sake ɗaukar ƙarshen: 'yan sanda su iso a kan gaɓa su kama Gabbar. Wannan na biyun shi duniya ta sani, minti 198. Na asalin minti 204 ne. Kamfanin Eros ya fitar da duka biyun a DVD, na asalin da hoto mai cika tsohuwar talabijin, na silima kuma mai faɗi. A 2025 gidauniyar Film Heritage ta Indiya ta gyara fim ɗin da ƙarshensa na asali, aka nuna shi a Bolonya ta Italiya. Amma kada ka dogara da mintin da aka rubuta a kwali. Fim a silima hoto 24 yake tafiya a daƙiƙa, tsarin PAL kuwa 25, saboda haka duk fim ɗin da aka buga a PAL yana ƙara sauri da kashi 4 cikin 100, muryoyi su ɗan sirance. Minti 204 in an buga shi haka sai ya dawo kusan 196, ka ga ya zo dab da ɗayan. Hanya mafi tabbas ita ce ka tsallaka zuwa ƙarshe ka ga ko Gabbar ya mutu ko an sa masa ankwa. Ni na asalin nake so, ko da yake na san waɗanda suka girma da ɗayan suna jin kamar an taɓa musu wani abu.

Mughal-e-Azam na 1960 shi ma kashi biyu ne. Na asali baƙi da fari ne in ban da wasu wurare kaɗan masu launi, ciki har da rawar ɗakin madubai. A 2004 aka sa wa fim ɗin launi gaba ɗaya da kwamfuta, shi ne kuma ya fi yawo a kasuwa. In ka samu na asalin, ɗauka. Zuwan launin nan kwatsam bayan ido ya saba da baƙi da fari, shi ne daɗin wurin. Faifan Indiya gaba ɗaya yawancinsu ba a kulle suke ba, matsalarsu inganci ce. Na Yash Raj sun fi tsafta. Masu arahar nan na Moser Baer da suka cika kasuwa a da, kallo dai za ka yi, amma araha ba ta ado. Duba kuma ko an fassara waƙoƙi a rubutun ƙasan allo, don da yawa suna fassara magana su bar waƙa, alhali a finafinan Sarkin Ƙarfi Dharmendra da su Amitab rabin labarin a waƙa yake.

Risala ta Mustafa Akkad, ta 1976, ita ce aka fi ruɗar mutane da ita. Finafinai biyu ne aka ɗauka a wuri ɗaya, a Maroko da Libiya, da 'yan wasa daban-daban. A na Turanci Anthony Quinn ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, Irene Papas ta fito a Hindu, Johnny Sekka haifaffen Dakar ya fito a Bilal. A na Larabci Abdullahi Gais na Masar ne Hamza, Muna Wasif ta Siriya ce Hindu, kuma ya fi na Turancin tsawo da kusan rabin awa. Ko a wanne ba a nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma ji muryarsa ba. Malamai sun yi ta magana a kan fim ɗin, ba kuma hurumina ba ne. Abin da ya tabbata shi ne an hana shi a nan shekaru masu yawa, sai a ƙaramar Sallar 2018 aka nuna shi a silima bayan ɗan daraktan ya gyara shi zuwa 4K. Idan mai sayarwa ya ce maka na Larabci ne, kalli fuskar Hamza. In Quinn ka gani, na Turanci ne, ko da wane harshe kake ji. DVD ɗin Anchor Bay na 2005 ya haɗa duka biyun. A 2022 kamfanin Shout Factory ya fitar da Risala da Lion of the Desert, wato Umar Mukhtar, a 4K. Na Amurka ne, amma ka tuna faifan 4K ba ya kulle. Shi Umar Mukhtar da Turanci kaɗai aka ɗauke shi, Larabcin da muka saba ji ɗora murya aka yi, don haka in shi kake so, karanta jerin harsunan da ke bayan kwali kafin ka biya.

Finafinan Chanis su ne suka fi samun gata a 'yan shekarun nan. Arrow ta fitar da akwatin Shawscope na farko a ƙarshen 2021, finafinai 12 na kamfanin Shaw Brothers, na biyu kuma ya zo da The 36th Chamber of Shaolin. Eureka da 88 Films, duka na Ingila, sun ɗauki na Jakican, su Drunken Master na 1978. Akwatin Burusli na Criterion na 2020 yana da kyau amma A ne. Mu namu shi ne na Arrow na 2023. Abu biyu za ka duba. Na farko murya: akwai ta asali, akwai kuma Turancin nan da baki ke tafiya gabas murya na tafiya yamma, wanda da shi muka girma. Bugu mai kyau yana ba ka duka, ka zaɓa. Na biyu, guji tsofaffin kaset ɗin Ingila na shekarun 1980 da 1990, domin hukumar tacewarsu a lokacin tana yanke duk inda aka fito da sandunan nan biyu masu sarƙa. Ka yi tunanin Enter the Dragon na Burusli babu wannan wuri.

Kalmar "an gyara" a kwali ba kullum take nufin alheri ba. Tsohon fim yana da ɗan tsaki-tsaki a hotonsa, daga jikin fim ɗin yake, ba datti ba ne. Wasu kamfanoni sai su bi shi da kwamfuta su goge, fuskar jarumi ta koma kamar an shafe ta da man kaɗe, ba gumi ba tattara. Kafin ka yi oda, shiga Blu-ray.com ko DVDBeaver ka ga hotunan da suka ɗauko daga bugu daban-daban, DVDCompare kuma zai gaya maka wanne aka yanke. Rubutun Larabci a ƙasan allo ba kasafai ake samunsa a bugun Ingila ko Amurka ba. In don iyaye za ka saya, tsohon DVD da aka buga don ƙasashen Larabawa ya fi musu amfani ko da hotonsa bai kai ba.

Wajen oda, sai da adireshinka na ƙasa da Saudiyya ke bayarwa, mai harafi huɗu da lamba huɗu. Lissafa harajin kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin, ga kuɗin jirgi, shi ya sa gara ka tara guda huɗu ko biyar ka yi oda ɗaya, ko ku haɗu da abokai. Bugun farko mai littafi da fosta tsada gare shi. In ka yi haƙuri, na gama-gari yakan biyo baya da faifai iri ɗaya. Kwastam suna da ikon buɗe kaya, kuma kamfanonin nan da na ambata wasu daga kayansu finafinan ban tsoro ne da na tsiraici waɗanda ba su dace da gidanka ba, ba kuma za su wuce ba. A kwalin Ingila akwai alama, U, PG, 12, 15 ko 18, shafin BBFC, hukumar tace finafinai ta Ingila, kuma yana bayyana dalilin kowace lamba. Karanta. In kuma daga gida Najeriya za a taho maka da wani abu, kada ka ɗora wa alhaji ƙunshin da bai buɗe ya ga cikinsa da idonsa ba. Kaya ya iso, kada ya wuni a mota. Rana ɗaya ta bazara ta isa ta lanƙwasa kwali da abin da ke ciki.

Talabijin ma tana da nata. Kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi, ko ka zaɓi Filmmaker Mode in tana da shi. Tsohon fim mai hoto murabba'i ka bar shi da baƙin gefensa, kada ka ja shi ya cika allo kowa ya zama gajere mai ƙiba.

Duk waɗannan da na lissafa suna da masu kula da su, kamfanoni da gidauniyoyi da ɗakunan ajiya masu sanyi. Namu ne abin dubawa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tsira ne don a kan fim na silima aka ɗauke shi. Aka gano naɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Finafinan bidiyo kuwa, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, a kan kaset aka haife su. Kaset ɗin da ke ɗakin ajiyar gwaggonka a Misfala ta Makka, wanda aka kalla sau biyu aka ajiye, yana iya fin wanda ya rage a Kano lafiya. Saboda haka in ka samu na Hausa, kwafe shi kafin komai.

Ga yadda nake yi. Da farko ɓalle ɗan harshen robar da ke bayan kaset ɗin, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka. Tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko, zaren ya saki jiki. Idan na'urar ta daɗe a ajiye, cire ta daga wuta, buɗe murfin, jiƙa farar takarda da sifirit, ɗora ta a jikin gangar nan mai sheƙi ka juya gangar a hankali da yatsa. Kada ka goga sama da ƙasa, kada kuma ka sa auduga, tana kama kan ta karya shi. Sai ka sayi ɗan abin ɗaukar bidiyo mai shiga USB, ka jona wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. A kwamfuta manhajar OBS kyauta ce. Saita ta a PAL, 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Gyara tirakin, wato maɓallin daidaita hoto na bidiyon, har layin ƙasan allo ya kwanta kafin ka fara ɗauka. Ba a gaggawa a nan, fim na awa biyu awa biyu zai ci, kuma gara ka zauna kusa ko zaren zai sarƙe. Kada ka matse fayil ɗin don ya shiga waya. Ajiye babban, ko da awa ɗaya za ta ci gigabait goma sha wani abu, ka fitar da ƙarami daga jikinsa.

VCD ya fi sauƙi. Saka shi a kwamfuta, buɗe jakar MPEGAV, za ka ga fayil mai suna AVSEQ01.DAT ko makamancinsa. Shi ne fim ɗin, kwafe shi yadda yake, VLC na buɗe shi. Faifan VCD ba ya wuce minti 80, shi ya sa finafinan ke zuwa biyu-biyu, don haka tabbatar na ɗaya da na biyu duk suna cikin kwalin tun a wurin mai rumfa.

Ɗauki hoton kwalin gaba da baya, domin a nan sunan kamfani da 'yan wasa da adireshin shagon da ya rarraba suke, wani lokaci ba a rubuta su a wani wuri ba. Sa wa fayil sunan fim da kamfani da shekara in an rubuta. Ajiye kwafi biyu a ma'ajiya biyu, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Fim ɗin yana da masu shi, da yawansu suna raye ko 'ya'yansu na nan, saboda haka kada ka ɗora shi a YouTube ka ci kuɗin talla. In ka samu hanyar kamfanin, aika musu, mai yiwuwa nasu ya lalace. Kaset ɗin kansa kuma kada ka yar bayan ka kwafa. Mayar da shi farko, sa shi a kwalinsa, jera shi a tsaye, nesa da lasifika, nesa da bangon da ruwan mukayyif ke bi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Kaset ɗin biki da na suna da za ka tarar a cikin kwalin, waɗanda aka rubuta wa suna da biro, su ma hanyar kwafarsu ke nan, sai dai ka nemi izinin matan gidan kafin ka kunna.